Kowa Lafiya a Yakasai

Al Karama, Dubai
12 ga Mayu, 2012

Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Abban su Halima da yara. Ya aikin asibiti? Ya ƙafar taki, ta bar kumburin? Mu nan alhamdu lillahi. Ummi ta fara juyawa da kanta, ta kuma gano cewa mayafin kakarta abin ci ne.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Gidan nan ɗaki biyu ne da falo, bangonsa kamar kwali, kin kuma san kunnen Inna. Ko a banɗaki na yi waya, ina fitowa za ta tambaye ni wa ya ce a gaishe ta. Shi ya sa na koma biro da takarda. Wani ɗan kasuwar Kwari da ofishinmu ke yi wa kagon kaya zai dawo jibi, shi zai kawo miki.

Maganar Inna ce. Ba ta cin abinci.

Kin san yadda ta zo min jego a Disamba, kamar kwamandan sojoji. Babu itace, babu tukunya, amma sai da ta tafasa ruwan wanka a butar lantarki, buta bayan buta, har ta farko ta ƙone aka sayo wata. Ta hango darbejiya a bakin titin bayan gidanmu, ta sauka da kanta ta karyo reshe, Abban Ummi yana bin ta yana roƙo, wai a garin nan bishiyoyi na hukuma ne. Ta ce masa ita kanta darbejiyar ta san ba don ado aka halicce ta ba. Na sha kunun kanwa har na fara mafarkinsa.

Ana yin arba'in ta fara haɗa kaya. Sai ga shawarar da kuka yanke ke da Yaya Nasrullahi bayan abin da ya faru a Kano ranar Juma'ar nan ta Janairu, cewa ta zauna nan har gari ya lafa. Ni ma na goyi baya, don hutuna ya ƙare, kuma babu wanda zan bar wa Ummi in tafi ofis hankalina kwance kamar ita. Abban Ummi ya yi mata takardar zama. Ta ce to. Kin san "to" ɗin Inna.

Tun daga nan take ramewa. Loma biyu, ta ture kwano. Ta zauna a bakin taga da carbi tana kallon injinan sanyaya ɗaki na gidan da ke kallonmu. Na kai ta asibiti aka yi duk gwajin da ke ma za ki ce a yi. Likitar 'yar Sudan ce, mai fara'a. Ta duba takardun, ta dubi Inna, ta ce min da Larabci gauraye da Turanci, Hajiya ba ta da komai, nostalgia ce kawai. Ta faɗi "kawai" ɗin nan kamar mai cewa mura. Inna ta tambaye ni me aka ce, na ce wai kewar gida. Ta ce dama sai an ɗebi jininta kwalba uku kafin a gane haka?

Abin ya tsaya min a rai. Ni dai na san kalmar a mujallu, inda ake maganar tsofaffin motoci da yayin ɗinkin da. Ban taɓa jin ta a bakin likita ba. Digirina na laburare dai ya ƙare a rubuta suna a jikin kwalayen kago a unguwar Muraqqabat, amma bincike bai bar ni ba, sai na bi sawunta a kwamfutar ofis. Ashe ƙirƙirarta aka yi, har shekarar da aka raɗa mata suna an sani, 1688. Wani ɗalibin likitanci ne a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, bai ma kai shekara ashirin ba, yana neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu. Ya ga mutanen ƙasar da ke zaune nesa da gida, da sojojin hayarsu da ke yi wa sarakunan wasu ƙasashe yaƙi, suna kwanciya ba rauni ba annoba. Ba ci, ba barci, sai ajiyar zuciya, wasu har su mutu. Sai ya ɗauko kalmomin Girkanci biyu ya haɗa, nostos, komawa gida, da algos, ciwo. Girkawan da kansu ba su taɓa jin kalmar ba. Ki duba, Yaya, ciwon Inna yana da uba, kuma ɗan makaranta ne mai neman maki.

Maganar rasuwar Goggo A'i kuwa, na bi umarnin Yaya Nasrullahi, ban faɗa wa Inna ba. Na ce mata wayar Goggo ce ta faɗa rijiya. Ta tambaya sau biyu ta bari. Allah ya jiƙanta. Shekara arba'in katanga ɗaya ta raba su, ga hawan jinin Inna, ga nisa.

Ki aiko mana da daddawa da kuka da man shanu. In gida take kewa, sai mu kawo mata gidan a leda.

Ki gaida yara da Yaya. Ki gaida min Malam Ɗanladi tela, ki tambaye shi ko almakashin da na aiko masa bara yana ci har yanzu.

Ƙanwarki,
Zaituna


Al Karama
2 ga Yuni, 2012

Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya, da fatan Halima Sa'adiya ta gama jarrabawa cikin nasara. Saƙo ya iso, mun gode, Allah ya ƙara zumunci. Man shanun ya ɗan zuba a kan atamfofin mutumin da ya ɗauko, ya ce ba komai, da fuskar wanda ba zai sake ɗauko mana kaya ba.

Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka, har maƙwabcinmu ɗan Filifin ya leƙo ya tambaya ko wani abu ya lalace a bututu. Inna kuwa tun kafin a girka ta kwance ƙullin daddawar, ta shinshina, ta ce ta kasuwa ce. Na ce mata wataƙila sauri kika yi wajen haɗa saƙon. Ta mayar ta ƙulle. Ranar ko loma biyun ba ta yi ba.

Sai na koma wajen likitocina na Turai, na tarar su ma sun san wannan. An ce akwai waƙar makiyaya da sojojin nan na haya ba sa iya ji ba su kwanta ba, ko su gudu, har shugabanninsu suka hana rera ta a sansani. Wato abin gida ba magani ba ne, fami yake yi. Na kwashe kuka da daddawa na sa a saman kwaba, na daina kunna mata labaran rediyon Hausa, na ce intanet ce ta lalace. Sati guda tana cin abincin Indiyawa da ido.

Wani likitan da ya zo bayan ɗalibin ya ce duk ba haka ba ne, iska ce. Mutanen kan duwatsu sun saba da iska marar nauyi, in sun sauko ƙasa sai ta danne musu jini, don haka a riƙa hawa da su kan hasumiya. Na san Kano ba ta da abin hawa sai Dala da Goron Dutse, amma ina zaune a garin da ya fi kowa dogon bene a duniya, kunya ce a ce ban gwada ba. Muka hau Burj Khalifa. Ta tsaya a jikin gilashi ta daɗe tana duba garin gabas da yamma, ni ina nuna mata teku da tituna. Da ta juyo sai ta tambaye ni ina maƙabartarsu. Ta ce tun da ta zo ba ta ga an wuce da makara ba, ko mutanen nan ba sa mutuwa ne? Abban Ummi ya ce yawanci baƙi ne, in mutum ya rasu jirgi ake sa shi a mai da shi ƙasarsu. Ta ce ashe dai ana komawa.

Abin da ya ɗan yi aiki shi ne Ayishetu, wata 'yar Zongon Kumasi da ke hawa na biyu, tana aiki a shagon gyaran gashi. Na gayyato ta don Inna ta sami mai yi mata Hausa. Inna ta saurare ta ta ce Hausarta ba mace ba namiji, kowa "ya zo" ne. Ayishetu ta yi dariya ta ce su suka adana ta asali, mu muka ɓata da iyayi. Kakan babanta fataucin goro ya kai shi can daga Kano, bai dawo ba. Ita ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma ta ce in ta ji an ambaci Kano sai ƙirjinta ya yi nauyi. Wannan ya rikita min lissafi. Ɗalibin nan cewa ya yi ciwon komawa, to wadda ba ta taɓa zuwa ba fa, ina za ta koma? Suna hira dai Inna tana cewa a gaida mutanen gida, har ta tambaye ta ko iyayenta suna raye. Ayishetu ta ce babanta ya rasu bara tana nan, a waya ta ji. Inna ta riƙe hannunta ta yi mata gaisuwa doguwa, irin ta zaman makoki, har da tambayar jinyar kwana nawa ya yi. Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka tun ranar suna.

Sai dai nauyinta yana ta raguwa. Zobenta na azurfa yanzu a babban yatsa take sa shi. Likitar ta ce in aka ci gaba haka za a kwantar da ita a sa mata ruwa. Ki gaya wa Yaya wannan yadda na faɗa, kada ki rage masa gishiri.

Gaisuwa ga kowa da kowa, da Malam Ɗanladi.

Taki,
Zaituna


Al Karama
30 ga Yuni, 2012

Yaya Wasila,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Wannan wasiƙar ki karanta, sannan ki kai wa Yaya Nasrullahi ya karanta da kansa. A waya ba ya bari mutum ya kai aya.

Jiya bayan kin kira kun gaisa da Inna, ta miƙo min wayar, ta ce in zauna. Abban Ummi ya tafi masallacin Juma'a, Ummi tana barci. Zan rubuta miki abin da ta ce yadda na iya riƙewa.

Ta ce, Zaituna, wata bakwai ke nan ina garin nan, ba wanda ya mutu a Yakasai. Ba wanda ya kwanta asibiti, ba wadda ta yi ɓari, ko ɗan akuya bai ɓata ba. Unguwar da ba na sati biyu ban ɗauki mayafi na je gaisuwa ba. An yi abin da aka yi a Janairu, gari guda yana kuka, amma duk Juma'a Wasila ta ce min kowa lafiya. Ko dai ni ce ajalin mutanen unguwar, da na tafi suka huta?

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu. Ta ce tun ranar da ta kwance daddawar nan ta san A'i ba ta duniya. A'i ba za ta ji ana haɗa mata saƙo ta bari a je kasuwa a sayo daddawa ba, ko da rarrafe take sai ta aiko da tata. Amma tunda ba a gaya mata ba, ba ta da ikon yin kuka, kuma ba ta san su waye sauran ba. Ta ce kullum in ta zauna a bakin tagar nan gida-gida take bi a zuciyarta, daga bakin layi har ƙarshe, ta yi wa wannan addu'ar mamaci, sai ta ji tsoro ko yana raye, ta janye, ta wuce gaba. Ta ce ta yaya za ta zauna ta cika cikinta, alhali ba ta sani ba ko yau ne ake sadakar bakwai ɗin wanda suka yi shekara talatin suna gaisawa?

Na gaya mata. Na ce Goggo A'i ta rasu a watan Afrilu, a gida, bayan jinyar da kika ba ni labari, kuma ke kina wajen. Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta yi kuka sosai, irin wanda ban gani ba tun rasuwar Baba. Na auna jininta sau biyu, bai wuce yadda ya saba ba. Ta yi alwala ta yi salla ta daɗe a kan dadduma. Da ta shafa sai ta tambaye ni ko akwai sauran gasarar koko. Ta sha kofi guda har ta kaɗe.

Na yi wata biyu ina bin likitocin da suka mutu shekara ɗari uku da suka wuce, na hana ta rediyo, na hau da ita sama. Ban ga laifin ɗalibin nan ba, sunan da ya sa ya yi daidai da abin da ya gani. Sai dai su sojojinsa sun san abin da suka baro yana nan. Inna kuwa mun ce mata gidan yana nan yadda ta bar shi, ita kuma ta san babu gidan da ke zama haka.

Na san don tausayi aka yi, haka muka taso muka ga ana yi wa na nesa. Amma ranar Juma'a mai zuwa in kin kira, ki gaya mata sauran, duka, da sunaye da abin da ya same su. Zan zauna kusa da ita da maganinta. In Yaya zai yi faɗa, ya yi da ni, ni na karya umarnin.

Ƙanwarku,
Zaituna


Al Karama
16 ga Yuli, 2012

Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiya, da fatan azumi zai riske mu lafiya. Wannan karon ba sai na nemi ɗan kasuwa ba, mai ɗauke da wasiƙar ita ce maganar da ke cikinta. Ku je filin jirgi da wuri, kuma ku zo da mota mai but, don akwatinta ya haihu.

Na gode da kiran da kika yi. Na san bai yi miki sauƙi ba. Kina faɗa tana maimaita sunan, ta ce Allah ya jiƙansa, ta ce sai wa. Da kuka gama ta ce a naɗe kafet a shimfiɗa tabarma, za ta zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Na ce Inna, nan Karama ce, wa zai zo? Ashe ban san garin da nake zaune ba. Ayishetu ta kawo matan Zongo, kowace da kular shinkafa da wake. Abban Ummi ya faɗa wa mutum ɗaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, kafin la'asar matan Kano da suka zo sarin kaya a Deira sun cika falon, wasu ma sun san Goggo A'i, ɗaya ta ce da daddawarta aka yi girkin bikinta. Takalma har bakin lifta. Maƙwabcinmu ɗan Filifin ya zo ya ce mana barka, na yi masa bayani, ya koma ya dawo da furanni. Inna ta karɓa ta sa masa albarka, bayan ya fita ta tambaye ni ko ana dafa su.

A rana ta uku ta ce a yanka mata tikiti. Ba faɗa, ba roƙo. Ta ce akwai gidajen da ba ta shiga ta yi gaisuwa ba, kuma ba za ta kai su cikin azumi ba. Yaya ya kira ya yi maganar tsaro, ta saurare shi har ya gama, ta ce masa su waɗanda ke can ɗin ba mutane ba ne? Ni ban sa baki ba. Tsoron da yake ji ni ma ina ji, kuma daga jibi sai na kai Ummi gidan raino wajen matan da ba su san sunanta na gaskiya ba. Amma na ga zoben nan a babban yatsa.

Akwai wani labari a kundin ɗalibin da ban ba ki ba. Wani saurayi ya kwanta a Basel har an fid da rai, sai aka ce a ɗauke shi a kai shi garinsu ya mutu a can. Ana fara shirin tafiya ya fara samun sauƙi, kafin a isa ya warke. Da na karanta na ɗauka ƙarin gishirin mai neman maki ne. To, tun ranar da Inna ta ga tikiti take cin tuwo da daddawar kasuwa tana kushe ta, jiya kuma ta gajiyar da ni a kasuwar turare tana zaɓar na gidajen da za ta shiga.

Turawan dai daga baya sun cire kalmar daga asibiti sun kai ta kanti. Yanzu in sun ce nostalgia, daɗin tuna da suke nufi. Ko a nan akwai kasuwar da aka gina kwanan nan aka yi mata fentin tsufa, da sanyin inji a ciki. Na tambayi Inna me za ta kira abin da ya same ta, ta ce ita ba ta yi ciwo ba, jira ta yi.

Saura magana ɗaya. Ranar da aka tashi daga zaman, Inna tana addu'a ta haɗa da waɗanda suka riga mu, sai na ji ta ce da Malam Ɗanladi tela. Na ce Inna, ba ya cikin waɗanda Yaya Wasila ta faɗa. Ta ce ai shi tana can aka yi, shekara biyu ke nan. Na ce mutumin da ya ɗinka mana kayan makaranta tun daga aji ɗaya, wanda ya yi min ɗinkin aure ya ƙi karɓar ko kwabo, ba wanda ya gaya min? Ta dube ni ko a jikinta, ta ce ita ce ma ta hana, ke ai kina nesa.

Bara na aiko masa da almakashi ta hannunki. Kika ce min ya gode, yana sa albarka. Sau biyu a wasiƙun nan ina cewa ki gaishe shi.

Ban yi fushi ba, Yaya. So nake in sani. Ina almakashin yake? Kuma shekara ukun da na yi ban zo ba, su wa da wa nake ta aika wa gaisuwa? Ki zauna ki rubuto min, ko ki kira, yanzu babu mai saurare a bayan ƙofa. Kada dai ki fara da kowa lafiya.

Ki kular min da Inna. Maganin safe yana aljihun jakar hannunta, za ta ce miki ta sha, ki ƙirga.

Ƙanwarki,
Zaituna